Motar rimot ɗina tana in'ina kafin ta tashi, me ke kawo haka?

Abba_Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a taimaka min da shawara. Ina da motar rimot mai girman 1/10 (kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske), mai ja da ƙafa huɗu. Da moto mai burushi ta zo, wata biyu da suka wuce na cire shi na sa marar burushi, samfurin 3650 mai 3300KV (wato juyi 3300 a minti kan kowane bolt), da ESC (na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa moto) mai amfiya 60, batir kuma LiPo 2S, wato na lithium mai sel biyu. Na kuma canza mata tayoyi zuwa manya saboda yashin filin da muke wasa. Gudu kam sai wanda ya gani. Matsalar a wajen tashi take. In na ja totur a hankali sai ta tsaya tana karkarwa, kirr-kirr-kirr, ta yi kamar za ta gaba ta yi kamar za ta baya, sai can ta fizga da ƙarfi ta tafi. In na ɗan tura ta da ƙafa ba ta yi. In na ɗaga ta sama tayoyin na lilo, nan ma lafiya ƙalau. Da farko kaɗan take yi, amma cikin sati biyun nan abin ya ƙaru, jiya a kan yashi sai da na je na tura ta sau uku. Moton ne ya mutu ko ESC?

Sadiq_Turbo:
Wa alaikumus salam. Batir ne. Canza batir ka gani.

Baffa_Na_Kurna:
In'ina kuma? To a kai ta wajen malam ya yi mata tofi mana 😂

Injiniya_Mudi:
Wa alaikumus salam Abba. Kafin ka sayi komai, amsa min abu ɗaya. Wayoyi nawa ne suka fito daga moton zuwa ESC? Manya uku ne kaɗai, ko akwai wata siririya mai faɗi da ƙananan wayoyi shida a jikinta?

Abba_Hotoro:
Uku ne kawai Injiniya. Shuɗi, rawaya da ruwan lemo.

Injiniya_Mudi:
To naka marar sensa ne, kuma rabin amsarka tana nan. Abin da kake gani shi ne masu harkar ke kira cogging. Bari in ɗan ja zancen don waɗanda ba su sani ba.

A moto mai burushi, burushin ne ke juya wutar da kansa yayin da rotor, wato sashen da ke juyi a cikin moto, ke juyawa, ba ruwan kowa. A marar burushi kuwa aikin ya koma kan ESC. Koyil uku ne, shi zai riƙa ba su wuta bi da bi, kuma dole ya bayar daidai lokacin da maganaɗisun rotor ya iso wurin da ya dace. To ta yaya zai san inda rotor yake alhali babu sensa? A kowane lokaci wayoyi biyu yake ba wuta, ta ukun kuma yana saurarenta. Maganaɗisu in yana wucewa ta gaban koyil yana haifar da 'yar wuta, kamar dai janareta. Wannan 'yar wutar ce ke gaya wa ESC inda aka kwana. Amma sai rotor na juyawa take samuwa. Mota a tsaye babu ita sam. Don haka a lokacin tashi ESC lalube yake yi a duhu, ya harba wuta nan, ya harba can, yana jiran ya ji amsa. In babu nauyi a kan moton, harbi ɗaya biyu ya juya, ESC ya kama zaren, shi ke nan. In akwai nauyi, rotor bai motsa yadda ake zato ba, harbi na gaba ya zo ba daidai ba, har ya kan ja shi baya. Wannan ce karkarwar.

Shi ya sa in ka tura ta da ƙafa ba ta yi, ka ba ESC abin da yake nema. Shi ya sa a sama ma ba ta yi.

Abba_Hotoro:
Allah ya ƙara basira Injiniya, yau na gane. Wato ke nan haka zan haƙura da ita?

DanMaradi_RC:
A'a ɗan'uwa, ba haƙuri ba ne tukuna. Ka ce ka sa manyan tayu. Ƙaramar giyar da ke bakin moto haƙora nawa gare ta, babbar kuma nawa?

Abba_Hotoro:
Na ƙirga yanzu. Ƙaramar 21, babbar 83. Tayoyin da milimita 85 ne, na yanzu 110.

DanMaradi_RC:
Ga ɓarawonka nan. Ka raba 83 da 21, ka samu 3.95. Sannan ka ƙara girman taya da kusan kashi 30 cikin ɗari ba ka taɓa giya ba. Kamar direban da ya yi lodin gero ya cika mota ne kuma ya ce da giya ta uku zai tashi. Ni abin da ya same ni ke nan bara. Na sa tayu masu faɗi don rairayin gulbi, motar ta kama rawar ɗari duk tashi. Na zagi moto, na zagi wanda ya saida min, ashe ni ne da laifi. Na sauko daga haƙora 20 zuwa 15, rawar ta kusa ɓacewa, moton ma ya daina zafin da yake yi. Kai nemi 16, zai ba ka 5.19. Gudu zai ragu kaɗan, amma moto mai 3300KV a kan batir cikakke na bolt 8.4 yana neman juyi dubu 27 da wani abu a minti in babu kaya. Ina za ka da wannan gudun a filin ƙwallo?

Malam_Habu_Fiziks:
Ku yi haƙuri in sa baki, aikin koyarwa ne ba ya barin mutum. Sunan da kuke kiran abin nan aro ne aka yi ba daidai ba. A littafi, cogging shi ne wannan tsalle-tsallen da kake ji in ka kama sandar moto da yatsa ka juya babu wuta ko kaɗan, tak-tak-tak. Maganaɗisu ne ke manne wa haƙoran ƙarfen da aka naɗa koyil a kansu. Wannan ba cuta ba ce, haka aka ƙera shi. Abin da ke damun Abba kuwa rashin jituwa ne tsakanin ESC da rotor a lokacin tashi. Masu motar rimot ne suka haɗa su suna ɗaya.

Baffa_Na_Kurna:
Malam ko me sunansa a littafi, mu dai mota ta tashi 😂

Malam_Habu_Fiziks:
Gaskiyarka Baffa, amma da amfaninsa. Na taɓa ganin wanda ya juya sabon moto da hannu ya ji tak-tak ɗin nan ya ce an saida masa lalatacce, ya mayar. Alhali in ka ji tsohon motonka ya daina wannan riƙon, ya koma juyawa sululu ba kamar yadda ka san shi ba, a nan ne ya kamata hankalinka ya tashi, don alama ce maganaɗisun ya yi sanyi.

Usy_Mai_Gyara:
Duk na karanta bayanan manya, amma akwai kalma ɗaya a tambayar Abba da aka tsallake. Ya ce abin ƘARUWA yake yi. Rashin sensa ba ya ƙaruwa. Giya ba ta ƙara haƙora da daddare. Tun ranar da ya sa tayoyin nauyin ɗaya ne. In abu na ƙaruwa to wani abu na lalacewa a hankali.

Ni gyaran waya nake yi a Farm Centre, kuma ana kawo min irin waɗannan in ɗaura musu dalma. Cikin waɗanda suka zo da wannan kukan, mafi yawa kan waya ne. Waɗannan kawunan masu kama da harsashi da ke haɗa moto da ESC. Ko dai dalmar ba ta kama ba tun farko, ko kan ya saki yana lilo a cikin ɗan'uwansa. Wani yaro ya kawo min tasa, daga waje komai tsaf, robar da aka rufe da ita ko ƙwarzane babu. Na yanka robar, sai ga dalmar ta yi fari-fari kamar toka, ta dunƙule a saman wayar ba ta shiga cikin silin ba. Da ɗan yatsa na ja, wayar ta zare. Sili huɗu ko biyar ne kawai ke ɗauke da wutar gaba ɗaya. In ɗaya cikin ukun nan ta yi rauni, ESC ba ya iya turawa da kyau kuma ba ya iya saurare da kyau.

Abba, ka yi wasa da ita minti biyar, ka cire batir, ka taɓa kawunan uku ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi shi ne mai laifi.

Injiniya_Mudi:
Usy ya kama ni, wannan na tsallake shi. Ina tare da kai. Abba ka fara da nasa kafin nawa.

Sadiq_Turbo:
Ni fa har yanzu ina kan batir. Batir ma ai lalacewa yake a hankali, ko ba ƙaruwar ba ke nan? Lokacin tashi ne moto ya fi zuƙar wuta. In batir ya tsufa sai bolt ɗin ya faɗi a daidai wannan lokacin, ESC ya ga kamar caji ya ƙare ya yanke, bolt ya dawo, ya sake bayarwa, ya sake faɗuwa. Daga nesa ba ka bambance shi da in'inar da ake magana. Kuma kada lambar C da ke jikin kwali, mai nuna yawan wutar da batir zai iya bayarwa lokaci guda, ta ruɗe ka, na ga 5000mAh mai 50C, wato a lissafi amfiya 250, amma ko fanka ba zai riƙe ba.

Abba_Hotoro:
Batirin nawa ya kai shekara. Ya ɗan tasa kaɗan a tsakiya, amma yana ɗaukar caji.

Sadiq_Turbo:
Ya tasa?? Malam ajiye shi. Yau ɗin nan.

Hajiya_Ummi_Kd:
Abba don girman Allah kada ka ƙara cajin batirin nan a cikin ɗaki. Na maigidana ya kumbura haka, ya ce ai yana aiki. Allah ya taimake mu a tsakar gida ya jona shi, a kan siminti. Hayaƙin da ya tashi har maƙwabta suka leƙo. Yanzu a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa yake caji, kuma ba ya barin wurin sai ya cire.

Injiniya_Mudi:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Kuma abin da ke kumbura su a wajenmu sananne ne: a cika batir fam, bolt 4.2 kowane sel, a ajiye shi sati biyu a ɗaki mai zafi ko a but ɗin mota. In ba za a yi wasa ba a bar shi a 3.8. Na san da yawanmu in an kawo wuta cajin komai muke yi saboda ba mu san yaushe za ta dawo ba, amma LiPo ba ya son wannan tanadin.

Khalifa_FPV:
Tambaya daga ɓangaren masu jirgi. Duk motocin da ke kan drone ɗina marasa sensa ne, waya uku, kuma ban taɓa ganin sun yi in'ina ba sai in wani abu ya ƙone. Me ya sa na mota kawai?

Malam_Habu_Fiziks:
Saboda farfela ba ta da nauyi a lokacin tashi. Iska ba ta fara turjiya sai an fara gudu, kafin nan ESC ya riga ya kama. Mota kuwa duk nauyinta na kan moto tun daga juyin farko. Shi ya sa mafi yawan baburan lantarki da ke shigowa yanzu, in ka buɗe tayar baya za ka tarar da manyan wayoyi uku da ƙanana biyar. Ƙananan na sensar Hall ne, sunan Edwin Hall da ya gano abin a 1879. Mai babur ba zai yarda ya tsaya a danja yana karkarwa ba.

Khalifa_FPV:
Na gode Malam. Amma ka tuna min, ranar da nawa ya yi irin wannan rawar, kusar da na ɗaure moton da ita ce ta yi tsawo ta taɓa koyil. Abba ka duba wannan ma, tunda kai ka ɗaura moton da kanka.

Garba_Crawler:
Ni shawarata gajeriya ce. Sayi mai sensa ka huta. Ina hawan duwatsu da tawa a nan Jos, tafiyar hawainiya nake buƙata, taya ta juya kamar hannun agogo. Marar sensa ba zai taɓa ba ka haka ba ko me ka yi masa. Ko dai mai burushi, ko mai sensa irin su Fusion na Hobbywing da aka haɗa moto da ESC a jiki ɗaya. Duk sauran dabarun rage zafi ne kawai.

DanMaradi_RC:
Garba kai dutse kake hawa, shi yashi yake tsagawa da gudu, ba buƙatarku ɗaya ba. Motocin kamfanin Traxxas masu moton Velineon ai marasa sensa ne, kuma mutane nawa ke wasa da su a duniya ba su koka ba? In giya ta yi daidai, ɗan motsin da zai rage ba ka ma lura da shi. Kuma ka faɗa masa gaskiya, in zai koma mai sensa to moto da ESC duka zai canza, in ESC ɗinsa ba shi da ramin wayar. Kuɗin bai yi kusa da na giya ɗaya ba.

Garba_Crawler:
Ban musa ba. Amma wanda ya ɗanɗana mai sensa ba ya komawa.

Usy_Mai_Gyara:
Mai sensa ma ana kawo min shi da in'ina, Oga Garba. Wannan siririyar wayar ba ta son ƙura ba ta son ruwa. Fil ɗaya ya lanƙwashe ko sili ɗaya ya tsinke a ciki, sai ta yi abin da ya fi na Abba muni. Gwajin mai sauƙi ne in ESC ɗin na karɓar duka biyun: zare wayar sensar, in motar ta gyaru to wayar ce ko allon sensar. Kuma a kiyaye, a marar sensa in mota na baya maimakon gaba sai ka musanya kowace biyu cikin wayoyi ukun, ba komai. A mai sensa kuwa A na A ne, B na B, C na C. Ka musanya su ka ja totur, kana iya jin ƙauri.

Hajiya_Ummi_Kd:
To ni ma in tambaya tunda an zo nan. Ta ɗana Hanif tana wani ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, kuma ita ma tana jan ƙafa wajen tashi. Ita ma wannan ce?

Injiniya_Mudi:
Hajiya wannan ya fi kama da boris ko tsakuwa a tsakanin giya. A cire batir, a kwance ƙaramar giyar daga bakin moto, a tura motar a kan tayil. In lafiya take za ta gangara da kanta ba ƙara. In ta tsaya nan take, a bi tayoyin ɗaya-ɗaya a ga wacce ke riƙewa. Sannan a juya sandar moton da yatsa, in ana jin gurzo kamar yashi to boris ɗinsa ne. Abba kai ma ka yi wannan gwajin, don duk abin da ke riƙe mota yana ƙara in'ina. Wajen mayar da giyar kuma kada a matse ta jikin babbar. A sa 'yar takardar littafi a tsakaninsu, a danna, a ɗaure, a zare takardar. Ɗan wasan da ya rage shi ake so.

Baffa_Na_Kurna:
Wasa a gefe, yashin nan namu akwai baƙin garin ƙarfe a ciki. Duk wanda ya taɓa jan mayen ƙarfen tsohuwar lasifika a ƙasa yana yaro ya sani. Na buɗe motona bayan hunturu, rotor ya yi gemu baƙi ƙirin. Da salatif na riƙa ɗebe shi.

Sadiq_Turbo:
Akwai kuma saitin ESC. Rage punch, wato ƙarfin fizgar totur, zuwa 1 ko 2.

Garba_Crawler:
Ni kuma ƙarawa na yi a tsohuwar tawa ta gyaru.

Injiniya_Mudi:
Ku duka biyun kuna iya yin gaskiya. In batir ne mai rauni, ragewa na taimakawa don ba a zuƙe shi lokaci ɗaya ba. In batir lafiya yake kuma nauyi ne ya yi yawa, wasu ESC, kamar na kamfanin Castle, suna da saitin ƙarfin tashi daban, ƙara shi na sa rotor ya motsa da wuri. Abin da zan roƙa, abu ɗaya za a canza a gwada, sannan na gaba. In ka canza biyar lokaci guda ta gyaru, ba ka san wanne ne ba, ran da ta dawo ka koma farko. Kuma Abba, da ka ɗaura sabon ESC ka yi masa saitin totur da rimot ɗinka? Wato ka nuna masa tsakiya, ƙarshen totur, da ƙarshen birki?

Abba_Hotoro:
Wallahi ban yi ba, jonawa kawai na yi ta tashi. Zan duba takardarsa.

Abba_Hotoro:
Salam, na dawo da rahoto. Na ari batirin abokina mai lafiya, in'inar ta ragu kaɗan amma tana nan. Sai na yi gwajin Usy. Kan wayar rawaya ya yi zafin da sai da na janye hannu, sauran biyun ɗumi kawai. Na yanka robar, ciki ya yi baƙi, dalmar ta tsage a zagaye. Ni na ɗaura ta da ƙaramin ayan ɗin gyaran rediyo, ashe bai narkar da ita sosai ba. Na kai wa mai gyaran inbata a unguwarmu ya sake duka ukun da babban ayan. Na yi saitin totur ɗin ma. Yanzu a kan kwalta tana tashi sumul. A yashi mai zurfi ko in ta tsaya a jikin tudu har yanzu tana ɗan yi, kamar yadda take yi ranar farko.

Usy_Mai_Gyara:
Alhamdulillah. Wayar nan mai kauri tana shanye zafi, ayan ɗin da bai kai wat 60 ba wahala kawai zai ba ka.

Sadiq_Turbo:
A rubuta dai cewa batir ma ya taka rawa 😎

DanMaradi_RC:
Ragowar ta giya ce, na faɗa tun farko. Sa 16.

Garba_Crawler:
Ragowar ta rashin sensa ce. Sa 16 ɗin, za ka dawo ka same ni.

Malam_Habu_Fiziks:
Ni abin da ke raina daban ne. Sati biyu yana tilasta wa moton nan tashi da waya mai rauni da giya mai nauyi, a zafin Kano na watan Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa. Duk sakan ɗin da ta tsaya tana karkarwa wuta ce mai yawa ke shiga koyil ba ta zama juyi, zafi take zama. Maganaɗisun neodymium na gama-gari yana fara rasa ƙarfi daga wajen digiri 80, kuma in ya rasa ba ya dawowa. Na cikin moto ya kan fi haka juriya, amma cikin ya fi gwangwanin da kake taɓawa zafi. Abba, bayan minti biyar na wasa ka ɗora yatsa a jikin moton. Kana iya ƙirga biyar?

Abba_Hotoro:
Kafin gyaran ko biyu ba na kaiwa Malam. Yau na kai huɗu. Ina da ma'aunin zafin goshi na lokacin korona, zai yi?

Malam_Habu_Fiziks:
In yana da maɓallin auna jikin abu zai yi, in na goshi ne kawai zai rubuta maka Hi ya yi shiru. Ka yi ƙoƙari kada gwangwanin ya wuce 70. Kuma in ta fara karkarwa ka saki totur ka je ka tura ta, kada ka danne kana jiran ta fizga.

Abba_Hotoro:
To. DanMaradi, na tambayi wani mai saidawa ya ce yana da 16 amma wai 32P ko 48P nake so? Ban gane ba.

DanMaradi_RC:
Girman haƙoran ne, dole ya zo ɗaya da na babbar giyarka, in ba haka ba ba za su ciji juna ba. 48P ƙananan haƙora ne, 32P manya. Duba jikin tsohuwar, sau da yawa an rubuta. Ka kuma auna sandar moton, 3650 yawanci milimita 3.175 ce amma akwai mai 5. Ɗauko hoton giyar kusa-kusa ka turo mu gani.

Hajiya_Ummi_Kd:
Injiniya mun gwada ta Hanif. Tayar baya ta hagu ce ba ta juyawa sosai, da muka cire ta sai ga zaren buhu ya naɗe a bayan noti. Amma ƙaran niƙan yana nan.

Injiniya_Mudi:
To saura sandar moton Hajiya. A juya ta da yatsa a faɗa min abin da aka ji.